Malamin Marubucin Wasa Yana Cikin 'Yan Kallo

A 'yan shekarun baya, wasunmu masu ɗan taɓa rubutun wasan kwaikwayo a nan Kwamba mun shirya wa ɗaliban wata Islamiyya gajeren wasa don ranar walimar sauka. Labarin mai gidan haya ne da ɗan hayarsa, abin da kowa a unguwar nan ya san zafinsa. Kwana uku muka yi muna gyara jawabin da limamin cikin wasan zai rufe da shi, muna ganin ai nan ne gishirin miyar yake. Ranar wasa, yaron da ya fito a liman bai kai tsakiyar jawabinsa ba mata suka fara naɗe tabarmi, maza suka shiga neman takalma. Amma kafin nan, wurin da mai gida ya zo karɓar kuɗi ɗan haya ya ɓuya bayan randa, wanda layi biyu kacal muka rubuta masa, sai da aka dakatar da wasa saboda dariya. Har wata tsohuwa ta ɗaga murya daga cikin taro ta ce, "Kai Alhaji, duba bayan randa mana!"

Mun koma gida jiki a sanyaye, amma da ilmin da wata shida na rubutu a ɗaki bai ba mu ba. Da muka waiwayi tarihi kuma sai muka ga ashe ba sabon abu ba ne. Tun fil azal, wanda ya shirya wasa a ƙasar Hausa a cikin jama'a yake tsayawa ya ga yadda abin ya sauka. Can yake gane inda ya yi daidai da inda ya zarce. Wannan tarihin muke so mu bi tare da ku, domin mu ga yadda wannan malamin ya kuɓuce mana, da yadda za mu komo da shi unguwa.

Kafin a san takarda

Kowannenmu, ko daga Kano iyayensa suka taso, ko Katsina, ko Sakkwato, ko Zariya, ya san tashe. Azumi na kaiwa kwana goma yara za su fito bayan an sha ruwa, wani ya manna gemun auduga ya riƙe sanda yana tafiyar tsoho, wani ya rataya tarkacen saiwoyi ya zama mai magani, 'yan mata su yi wa ɗayarsu shigar namiji su kwaikwayi zaman aure. Idan muka duba da idon basira, tashe bikin gajerun wasanni ne cikakke: kowane wasa ba ya wuce 'yan mintoci, yana da 'yan wasa da sutura da saƙo, kuma ana yin sa gida-gida har kwana goma ko fiye. Hukuncinsa nan take ake yankewa. In ya yi armashi uwar gida ta ɗebo hatsi ko kwabbai, in bai yi ba a ce Allah ya ba da sa'a. Yaran da aka sallama hannu wofi a gida na farko, kafin su isa gida na uku sun gyara wasansu. A Kano har sarauta abin yake da ita, ta Nalako sarkin gwagware, mai jagorancin tashen da ake tsokanar marasa aure da shi.

A fada kuma akwai wasan gauta, inda matan gidan sarauta kan yi shigar sarki da hakimai da fadawa, su kwaikwayi maganarsu da tafiyarsu da yadda suke yanke hukunci, sarki na zaune yana kallo. Abin da bakin bafade ba zai iya furtawa ba, a nan sarki yake ganinsa da idonsa. A karkara akwai kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, samari su naɗa nasu gwamna da alƙali da 'yan doka, a kwana ana shari'ar wasa. Ga kuma 'yan kama, masu shigar malamai suna kwaikwayon karatu, amma duk fassarar ta tuwo ce da miya da nama. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka rubuta. Mai tsara wasan shi ne ɗan wasan, kuma numfashin 'yan kallo a fuskarsa yake sauka.

Da boko ya zo

Rubuta wasa a takarda da boko ya zo. A Zariya, hukumar talifi da Rupert East ya shugabanta, wadda ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shehu Umar, ita ce ta fitar da littafin East mai suna Six Hausa Plays a cikin shekarun 1930. Gajerun wasanni ne guda shida, an yi su ne domin 'yan makaranta su hau dandamali da su. Ka ga ke nan littafin wasan Hausa na farko ba don a karanta a kwance aka buga shi ba, don a tsaya gaban mutane ne.

Cikin ɗaliban da suka gane ƙarfin wannan abu har da Malam Aminu Kano. Tun yana Kwalejin Kaduna a ƙarshen shekarun 1930 yake tsara wasanni, ciki har da wanda aka fi tunawa da shi, Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba. Yana ɗauko zaluncin da talaka ke gani a kasuwa da wajen masu mulki ya sa a gaban jama'a su yi dariya, dariyar kuma ta bar musu tunani. Waɗanda suka san yadda Malam yake riƙe taro a zamanin NEPU, wadda aka kafa a 1950, sun san ba a banza ya iya ba. Wanda ya saba karanta fuskar 'yan kallo, karanta fuskar taron siyasa ba zai ba shi wuya ba.

A 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, mai jan hankali kan tsabta da kiwon lafiya. Sai Shu'aibu Maƙarfi ya zo da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, labarin attajirin da ya auro mace mai zaman kanta ta raba shi da iyalinsa da dukiyarsa. Wasannin Maƙarfi ta rediyo suka fara shiga kunnen jama'a kafin su zama littafi, shi ya sa har yau in kana karanta su sai ka ji kamar a zaure kake zaune, ana ta karin magana da habaici. Bayan an kafa kamfanin ɗab'i na NNPC a Zariya a 1966 sai littattafan suka ƙaru: Uwar Gulma ta Mohammed Sada, Tabarmar Kunya ta Adamu Ɗangoggo da Dauda Kano, Daren Sha Biyu da Ibrahim Yaro Yahaya ya juyo daga wasan Shakespeare, Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi, da Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan. Da yawanmu da muka yi sakandare mun karanta wasu daga cikinsu don jarrabawa. Abin da ba a cika gaya mana a aji ba shi ne, da dama daga cikin marubutan nan mutanen fage ne. Kasagi ɗan wasa ne da kowa ya san fuskarsa, Yusuf Ladan kuwa a gidan rediyon Kaduna ya yi rayuwarsa. Sun san yadda magana take fita daga baki kafin su sa ta a takarda.

Zamanin bukukuwa da gasa

Shekarun 1970 su ne ganiyar dandamali. Bayan yaƙin basasa, a 1970 aka fara bikin fasaha da al'adu na ƙasa, jihohi suna kawo 'yan wasansu da makaɗansu ana gwada ƙwanji. A Kano akwai ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, wanda shi ma tun yana malamin makaranta yake harkar. A Zariya, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, mutumin Tirinidad, suka mayar da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandamali, aka buga shi a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da labarin fim, a 1977 kuma aka yi gagarumin bikin FESTAC a Legas, da hawan daba a Kaduna. Marubucin wasa na wancan lokaci yana da inda zai je ya zauna ya ga aikin wasu, ya ga nasa a hannun wasu, ya ji inda aka yi tafi da inda aka yi tsit.

Abin da ya fi kusa da irin buƙatarmu shi ne wanda aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello. A tsakiyar shekarun 1970 aka gina wa sashen wasan kwaikwayo dandali da jar ƙasa, mai ɗakuna zagaye da fili a tsakiya kamar gidan Bahaushe. Malamai irin su Michael Etherton da Brian Crow, da matasa irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka ga cewa zama a cikin jami'a ana yi wa juna wasa ba zai kai ko'ina ba. Sai suka riƙa fita da ɗalibai ƙauyuka. Aka yi Wasan Manoma a Soba a 1977, aka yi Wasan Maska a 1979, aka ci gaba a Bomo da Samaru. Tsarin shi ne ɗalibai su je su zauna da mutanen gari, su saurari kukansu kan taki da ruwa da asibiti da haraji, su haɗa gajeren wasa da abin da suka ji, su yi shi a dandalin garin, sannan a zauna a tattauna. Sau da yawa manoma kan ce ba haka abin yake ba, a sake. Daga baya ma aka gane gara mutanen garin su shiga wasan da kansu. Wato malaman jami'a da digirinsu sai da suka koma ɗaliban 'yan kallo.

'Yan'uwanmu na Nijar su ma sun bi tasu hanyar. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, gwamnatinsa ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, aka kuma kafa bikin matasa na ƙasa da ake yi shekara-shekara, ana zagayawa da shi manyan garuruwa. Wasan kwaikwayo na cikin abubuwan da ake gasa a kai, kuma sai ƙungiya ta yi nasara a yankinta kafin ta kai matakin ƙasa. 'Yan wasan Damagaram da na Maraɗi sun yi suna ƙwarai, haka Yazi Dogo, wanda har a wannan ɓangaren iyaka an san shi. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Janet Beik, ta rubuta littafi a kan wasannin nan a 1987, inda ta nuna cewa yawancinsu ba a rubuta su kalma-kalma. Ana yarda ne a kan ƙashin labari, kowane ɗan wasa ya zuba tasa maganar, ana gyarawa daga wannan fita zuwa waccan. Kafin wasa ya kai gasar ƙasa, ya riga ya ratsa idon dubban mutane, duk wani kitse marar amfani ya narke. Gaskiya ne gwamnatin soja ta yi amfani da bikin don isar da nata saƙon, amma 'yan wasan ba su rasa hanyar soka wa ma'aikata da 'yan kasuwa allura ba, jama'a kuma suna ganewa.

Da akwatin ya shigo ɗaki

Rediyo da talabijin sun kai wasan Hausa inda dandamali bai taɓa kaiwa ba. Wane ne a cikin manyanmu bai san Samanja Mazan Fama ba? Usman Baba Pategi, Banufe ne kuma tsohon soja, ya ɗauki Hausar bariki ya mayar da ita abin so a gidan kowa. Ga Ƙasimu Yero, ga Kasagi, ga wasannin gidajen talabijin na Kaduna da Kano da Sakkwato. Waɗannan mutane sun ci nasara a gaban kyamara ne domin sun daɗe a gaban mutane. Sun san tsawon shirun da ake yi kafin a saki maganar ban dariya, abin da ba a koyonsa sai a fage.

Ƙungiyoyin wasa na unguwannin Kano, irin su Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa, su ne gadar da aka taka aka shiga zamanin kaset. A 1990 Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafa shi a matsayin farkon fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano. Cikin shekara goma kasuwar ta cika ta batse. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, yana cikin waɗanda suka sa kowane gida dariya. Ba mu raina wannan ci gaba ba, domin ya ciyar da dubban gidaje, ya kuma kai harshenmu ƙasashen da ƙafarmu ba ta taka ba. Amma ya zo da asararsa. Masu hazaƙa suka bar dandamali suka bi kyamara, ƙungiyoyin wasa suka koma kamfanonin fim, marubuci kuma ya koma ɗaki. Ba a daina rubuta wasan dandamali ba, ga Ado Ahmad Gidan Dabino da Malam Zalimu alal misali, sai dai wuraren da za a je a gani sun yi ƙaranci.

Yau abin ya dawo cikin waya. Yaranmu suna haɗa gajerun wasanni na minti ɗaya ko biyu suna sawa a TikTok da YouTube da Facebook, wasu kuma wallahi suna da basira. To amma abin da waya ke gaya wa mai wasa lissafi ne kawai: mutum kaza sun kalla, mutum kaza sun danna. Ba ta gaya masa a wace kalma dattijo ya sunkuyar da kai don kunya, ko a ina uwa ta janye ɗanta ta bar wurin. Shi ya sa ake yawan ganin wasa ya tara 'yan kallo amma ya zubar da mutuncin mai shi. Da a gaban maƙwabtansa ya fara gwada shi, da tun a daren farko an gyara masa.

Mu a nan ina muka tsaya?

Garin da muke zaune a cikinsa ba baƙon al'adun Hausa ba ne. Bayan jihadi ya fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ƙanensa Abu Ja ne ya kafa garin nan a 1828, aka kira shi Abuja. Da gwamnatin Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai garin ya ba da sunansa, ya ɗauki Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Garin da Ladi Kwali ta yi aikin tukwanen da ya kai hotonta kan takardar naira ashirin, ba za a ce bai san darajar aikin hannu da na basira ba.

Mu kuwa mazauna unguwanni irin Kwamba, yawancinmu aikin sabon birnin ne ya jawo mu ko iyayenmu, musamman bayan gwamnati ta tare a Abuja a watan Disamba na 1991. Mun zo da sana'o'inmu da malamanmu da abincinmu, amma dandali bai biyo mu ba. Filin da za a bari don taro an yanka shi an yi ɗakunan haya. Magidanci ya fita tun asuba ya bi ta Madalla da Zuba, bai dawo ba sai bayan isha, a gajiye. Sannan ba mu manta da 2011 ba, shekarar da bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe a nan Suleja a watan Afrilu, wani kuma ya tashi a coci a Madalla ranar Kirsimeti, har aka sa ƙaramar hukumarmu cikin dokar ta-ɓaci. Tun daga lokacin taron dare ya zama abin ɗari-ɗari, iyaye suka riƙa tsare yara a gida, ba kuma za mu ga laifinsu ba. Tashe ya ja baya. Ko a Kano, uwar tashe, an sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi. Abin da ya rage mana na wasan ido da ido shi ne ɗan abin da ɗalibai kan yi a walimar sauka, ko ranar raba kyaututtuka a makaranta. Akwai manyan zaurukan wasa a Abuja da Minna, amma mai tura ruwa ko mai shago a kasuwar IBB yaushe zai bar nemansa ya je can, kuma da wane harshe za a yi masa wasan?

Ga wani abu da ya sa unguwa irin tamu ta fi ko'ina buƙatar marubuci ya zauna cikin 'yan kallo. Taronmu ba irin na cikin birnin Kano ba ne. A tabarma ɗaya za ka sami Basakkwace da Bakatsine da Bazazzagi, a gefensu ga maƙwabtanmu Gbagyi da Koro da Nufawa da Yarbawa da Ibo, kowa yana jin Hausa daidai gwargwado. Kalmar da za ta kashe Bakano da dariya, Basakkwace sai ya yi zuru. Cikin tsofaffin wasannin tashe akwai waɗanda ke kwaikwayon wasu ƙabilu, irin su Macukule da ake tsokanar Gwarawa da shi. A can gida barkwanci ne tsakanin abokan wasa. A nan kuwa, a ƙasar da Gbagyi suka riga mu zama, wanda ake kwaikwayon yana zaune kusa da kai, wataƙila ma shi ne mai gidan da kake haya. Ko zai ɗauke shi wasa ko cin fuska, babu littafin da zai gaya maka. Sai ka dubi fuskarsa. Zaman lafiyar unguwa ya fi dariyar dare ɗaya tsada.

Akwai kuma maganar harshe. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan suna tashi da Hausa mai gauraye da Turancin buroka, karin magana kuwa sai ɗai-ɗai. Ba da bulala ake koyar da karin magana ba. Amma yaron da ya haddace rawar da zai taka, ya tsaya gaban mutum ɗari ya saki magana aka yi shewa, wannan maganar ta zauna masa har tsufa.

Abin da ke hannunmu

Mun san akwai masu ɗari-ɗari da wasan kwaikwayo saboda addini, kuma damuwarsu abin saurare ce: cakuɗuwar maza da mata, raba dare, shagala daga salla, da batsa. Amma duk waɗannan tsari ne ke maganinsu. A yi da rana, tsakanin la'asar da magariba. Maza gefe, mata gefe, kamar yadda muke yi a walima. A nemi izinin mai unguwa, a kai wa liman labarin kowane wasa tun kafin ranar, a sanar da jami'an tsaro da 'yan sintirinmu. Wa'azi kansa ya fi shiga in an ga misali, shi ya sa Islamiyyunmu ba su daina sa ɗalibai 'yan wasanni ba.

Shawararmu ƙarama ce. Sau ɗaya a shekara, a cikin kwanakin da ke biye da Babbar Salla lokacin da mutane ke gida, a ari filin makaranta ɗaya a yi yammacin gajerun wasanni. Wasa huɗu ko biyar sun isa, kada kowanne ya wuce minti goma sha biyar. A bar ƙofa a buɗe ga ɗaliban boko da na Islamiyya, da ƙungiyar masu Keke Napep, da matasan da ke wasa a waya, da maƙwabtanmu waɗanda ba Hausawa ba. Labaran kuwa ga su nan birjik a ƙofar gida: kuɗin haya, layin ruwa, shaye-shayen matasa, tsadar aure, kwata da shara, yaron da aka cire daga makaranta aka tura talla. Ba a buƙatar labule ko fitilu masu launi. Benci biyu, tabarma, da lasifika in an samu. Bayan kowane wasa a ba jama'a minti biyar su faɗi abin da suka gani, kamar yadda aka yi a Soba da Maska.

Sharaɗi ɗaya muke so a kafa wa duk wanda ya rubuta wasa, har da mu masu wannan magana: ranar wasa ba shi da wurin zama a bayan fage. Ya bar 'yan wasa da Allah, ya zo ya zauna a tsakiyar jama'a, inda ba a san shi ne mai wasan ba in da hali. Ya lura da lokacin da mai gyaɗa ta daina ciniki ta juyo, da lokacin da aka fara duba waya. Ya kalli wasannin sauran ma, kada ya tashi da an gama nasa, domin kuskuren wani makaranta ce kyauta. In ya koma gida ya ɗauki biro ya yanke abin da ya kamata a yanke, ko da shi ne jawabin da ya kwana uku yana gyarawa.

Ga iyayenmu dattawa kuma muna da roƙo. Kowannenku yana ɗauke da tashen garinsu a ka, da yadda ake kalankuwa a ƙauyensu, da wasannin da ya gani a makarantar midil ko a gidan talabijin. Ku ba mu labari mu rubuta tun kuna raye, domin in bango ya faɗi ba a tambayarsa abin da ya ji. Wanda yake da tsohon kwafin Jatau Na Kyallu ko Uwar Gulma a ƙasan akwati, ya fito da shi ya ara wa yara.

Wasan mai gidan haya da muka ba ku labarinsa a farko, mun sake yin sa a wata walimar bayan shekara guda. Mun cire jawabin liman ɗungurungum. Muka bar mai gida ya leƙa bayan randa, ya ga ɗan hayarsa a tsugune, su dubi juna, sannan ya zauna a kan turmi ya tambaye shi abin da ya faru da aikinsa. A nan wasan ya ƙare. Babu wanda ya naɗe tabarma, kuma har aka kira magariba mutane na tsaye a bakin ƙofa suna gardamar wanda ya fi gaskiya tsakanin su biyun. Wannan gyaran ba mu muka yi shi ba, tsohuwar nan ce da sauran jama'ar Kwamba.

Allah ya ba mu zaman lafiya a unguwarmu, ya shirya mana zuriya, ya kai mu Sallar da rai da lafiya.